Ƙyaure Biyu Tsakanin Baffa da Alhaji

Masaukin baƙin da nake kula da shi a Nguru asalinsa gidan zama ne. Mahaifina ya gina shi lokacin da harkar gyaɗa take tafiya, da ya tsufa 'ya'ya suka watse sai ya mayar da shi wurin kwanan fatake, mu kuma muka koma tsohon gidanmu na cikin gari. Shi ya sa ɗakunan ba su bi tsarin otal ba. Biyu daga cikinsu, na can ƙurya kusa da darbejiya, ciki da falo ne a da. An fasa wa na cikin ƙofarsa ta waje, amma ƙofar da ke tsakaninsu ta zauna yadda take: ƙyaure ɗaya na katako, da sakata ta gefen falon kawai.

Tun zamanin mahaifina akwai tsofaffi biyu da suke kama ɗakunan nan duk jajiberin kasuwa. Ɗaya Bafulatani ne daga wajen Machina, mai shanu, dogo siriri, kowa Baffa yake ce masa. Ɗayan ɗan kasuwar fata ne daga Gashua, iyayensa mutanen Haɗeja, gajere mai ƙiba da yawan magana, muna ce masa Alhaji. Sun shekara da shekaru suna abota. Ba sa kwana ɗaki ɗaya saboda Baffa ya ce minsharin Alhaji yana iya korar garke, amma kuma ba sa yarda a raba su. Sai su buɗe ƙofar tsakani, kowa yana kan gadonsa, su yi ta musu a kan ruwan bana, ko a kan wanda ya girmi wani. Alhaji ne yake dafa shayi a ɗan rishonsa. Baffa yakan zo da fura da nono a jarka, ya ajiye a bakin ƙofar nan kamar ita ce iyakar ƙasa.

Sauran ranakun mako duk wanda ya zo shi nake ba ɗakunan. Ban taɓa damuwa da sakatar nan ba sai da wata malamar asibiti da aka turo aikin rigakafi ta sauka a na cikin. Da rana tsaka, tana hutawa ba mayafi, wani direba da ke ɗakin falon ya zare sakatar ya leƙo. Ya ce shi a zatonsa banɗaki ne. Ko da gaske yake ko ƙarya, ban sani ba. Matar ta fito, ta tattara kayanta, ta gaya min maganar da ba zan iya musantawa ba, wai na kwantar da ita a ɗakin da makullinsa yake hannun namijin da ba ta sani ba. Na kori direban, na ba ta haƙuri, amma ba ta ƙara kwana ba.

Abin ya tsaya min a rai. Na fara buga wa ƙofar ƙusa, sai na tuna tsofaffin nan. Ana cikin haka wani biki ya kai ni Gashua, aka sauke mu a wani sabon otal, a can na ga yadda masu abin suke yi. Ƙofar tsakani ƙyaure biyu ce, baya da baya. Kowane ɗaki da nasa ƙyauren, mariƙinsa da makullinsa suna ta cikin ɗakin. Idan ka buɗe naka, sai ka tarar da bayan na maƙwabcinka, sumul, ba mariƙi, ba ramin mabuɗi. Ba mai shiga wurin wani sai kowa ya buɗe nasa da hannunsa. Na daɗe ina buɗewa ina rufewa kamar ɗan ƙauye.

Kafin in bar garin na shiga shagon wani mai sayar da kayan gini. Ya fito min da makulli iri biyu. Ɗaya sai ka murɗa shi yake kullewa. Ɗayan yana da ɗan harshen ƙarfe, da zarar ƙyauren ya koma mazauninsa sai ya kama da kansa. Ya ce duka suna da kyau, in zaɓa. Na yi tunanin baƙi masu mantuwa, da mace da za ta shigo a gajiye ba ta duba komai ba, sai na ɗauki mai kama kansa guda biyu. Na dawo Nguru na sa kafinta ya yi min ƙyaure biyu da katako mai nauyi. Na ce masa kada ya yi min aikin da ƙafa ɗaya za ta ɓalle. Bai yi ba kuwa.

Da tsofaffin suka zo, ni da kaina na zaga da su ina nuna musu. Alhaji ya yaba, ya ce yanzu mun zama mutanen birni. Baffa ya shafa bayan ƙyauren Alhaji da tafin hannunsa, yana neman inda ake kamawa, bai samu ba. Ya dube ni ya ce, da Hausarsa ta Fulani, “Ɗana, wannan ƙofa ce ko bango?”

Muka yi dariya. Na nuna masa yadda zai danna mariƙin nasa. Daga nan suka ci gaba da al'adarsu. Su buɗe duka biyun, Baffa ya tokare nasa da takalminsa na roba don iskar fanka tana turo shi. Na ga takalmin nan sau da yawa. Na sha cewa a raina zan sa a yi ɗan maƙali a bango da zai riƙe ƙyauren idan an buɗe, sai wata hidimar ta ɗauke min hankali. Baƙi mata kuwa sun ji daɗin gyaran. Wata malama har ta turo min abokan aikinta.

Abin ya faru ne a bazara, ranar kasuwa. Zafin ranar ya kai mutum ya ji kamar ana hura masa wuta a fuska. Baffa ya dawo daga kara, kasuwar shanu, tun kafin azahar, abin da bai saba ba. Ina zaune a ƙofar masauki ya wuce, na gaishe shi, ya ce kansa ne yake sarawa, zai ɗan kishingiɗa. Na ce Allah ya sawwaƙe. Ya shiga, na ji ya murɗa mabuɗin ƙofar waje ya kuma zura sakata, kamar yadda yake yi kullum. Takalmin yana ƙafarsa, tun da safe ya ɗauke shi daga gindin ƙyauren. Aka kawo wuta, fanka ta tashi.

Sai bayan la'asar Alhaji ya dawo, da warin fata a jikinsa, yana mitar dillalai. Ya shiga ɗakinsa. Ba a jima ba na ji yana bugun katako yana kiran abokinsa, da farko da wasa, yana ce masa malalacin makiyayi. Can sai muryar ta sauya. Ya leƙo ya kira ni.

Na tarar da shi tsaye a gaban bayan ƙyauren Baffa, nasa a buɗe. Ya ce in kasa kunne. Daga ciki ana jin wani irin gurnani, da ƙarar abu yana gogar siminti. Na kira Baffa, gurnanin ya ƙaru. Na ruga na ɗauko mabuɗina na ajiya na zagaya ƙofar waje, bai shiga ba, nasa yana ciki. Ko da ya shiga ma ga sakata. Ƙofar ta ƙarfe ce, tagar kuma da sandunan ƙarfe, labule a sake. Na dawo ɗakin Alhaji. Na sa kafaɗa na bangaji ƙyauren, ko motsi bai yi ba, domin ta cikin ɗakin Baffa yake buɗewa kuma harshen ya kama daram. Na zura wuƙa ta gefe, kafinta ya rufe wurin da wani siririn katako. Duk abin da na biya a yi don kada wani ya shiga, ga shi yana aikinsa.

 Alhaji ya durƙusa da ƙyar, da ƙibarsa, ya sa bakinsa a ƙasan ƙofar yana yi wa abokinsa magana da guntuwar Fulatancin da ya tsinta a wurinsa. Ban san me yake cewa ba. Na san dai da tsohuwar sakata ce, da tuni ya zare ta da yatsa ɗaya, domin a gefensa take.

Wani mai faskare a bayan layinmu ne ya zo da gatari. Shi ma sai da ya sha wuya. Da katakon ya tsage ya zura hannu ya danna mariƙin, ƙyauren ya buɗe ba gardama. Baffa yana kwance a ƙasa tsakanin gado da ƙofar, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama a ƙarƙashinsa. Da alama ya jawo jiki ne ya nufo ƙofar tsakani. Mariƙin yana sama da kansa, inda mai tsayuwa kaɗai zai kai. Idanunsa a buɗe, ya gane mu.

Muka sa shi a adaidaita zuwa asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Na bi shi har waje na tambaye shi ko da mun kawo shi da wuri da abin bai kai haka ba. Ya ce a irin wannan ciwon, sauri yana da amfani, amma ba wanda ya san lokacin da ya faɗi, ƙila tun azahar ne, lokacin da ba kowa a ɗayan ɗakin. Na so ya ce min e ko a'a. Sai ya wuce wurin wani marar lafiyar.

Baffa ya rayu. Bayan 'yan makonni 'ya'yansa suka mayar da shi gida, ƙafa tana ja, magana ba ta fita sai kalma ɗaya ko biyu. Kasuwa kuwa ya bar ta ke nan. Alhaji ya ci gaba da zuwa, yana kama ɗakinsa na da. Ban ƙara jin ƙamshin shayinsa ba, a bakin titi yake sha. Duk lokacin da na je gaishe shi sai in ji bakina ya yi nauyi. Matata ta gaji da ganina haka, ta ce ai ba ni na sa wa mutum hawan jini ba, kuma in tuna matar da ta sa aka yi gyaran. Na tuna da ita. Shi ya sa ban cire ƙyauren ba. Na dai koma Gashua na sayo irin wanda sai an murɗa, na sauya duka biyun. Mai shagon ya tambaye ni ko na farkon sun lalace ne, na ce a'a, lafiyarsu ƙalau.

Bayan damina Alhaji ya ce zai je duba abokinsa, in raka shi. Muka shiga motar kasuwa zuwa Machina, daga can babura suka kai mu rugar. Mun sami Baffa a inuwa kan tabarma, an jingina shi da buhun gero, ya rame. Da ya ga Alhaji sai gefen fuskarsa mai motsi ya yi dariya. Alhaji ya zauna ya fara masa tsiya, wai ya gudu daga kasuwa ne don ya ga musu ya fi ƙarfinsa. Ni na tsuguna daga gefe. Baffa ya miƙo hannun hagu ya kama nawa, ya riƙe ya ƙi saki.

Da za mu tafi babban ɗansa ya jawo wani rago fari ya damƙa min igiyar. Ya ce mahaifinsu ne ya nuna a ba ni. Sun ji labarin yadda na sa aka farfasa sabuwar ƙofata da gatari ban tsaya lissafin asara ba, kuma ni na ɗauke shi a hannuna zuwa asibiti.

Na ce masa ba haka abin yake ba. Na fara bayanin ƙyaure biyu, da makullin da yake kama kansa, da maƙalin da na yi ta cewa zan sa. Saurayin yana kallona cikin ladabi, ban ga alamar ya gane inda na dosa ba. A rugarsu zana ce ƙofa. Alhaji ya dafa kafaɗata.

Ya ce, “Karɓi, ɗana. Kada ka mayar wa marar lafiya da kyautarsa a gaban 'ya'yansa.”

Na ce, “Alhaji, kai ka san yadda aka yi.”

Ya ce, “Na sani. Ni ma na ga ya bar kara da wuri, na ce bari in gama da dillalai tukuna. Karɓi igiyar.”

Na karɓa. Aka ɗaure ragon a bayan babur, a Machina muka sa shi cikin mota tare da buhunan riɗi. Duk hanyar yana kuka, Alhaji kuma yana kallon taga. A tashar Nguru muka rabu, ya hau motar Gashua.

Yara suka yi ta murna da na shiga gida da rago. Matata ta tambaya ko na layya ne ko na kiwo, na ce ban yanke shawara ba tukuna. Na ɗaure shi a bayan gida, na aiki a sayo masa harawa, na ɗebo ruwa a bokiti na ajiye masa.