Akuyar Ilu, daga Tazruk zuwa Damagaram

Litinin: Damagaram zuwa Agadas

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fita daga gida, matata Zuwaira na biye da ni har zaure da ƙullin kilishi tana mita.

"Malam, shekara goma sha uku ba ka ambaci sunan mutumin nan ba sai da tsaki. Yau don ya ce yana ciwo za ka ratsa hamada?"

Na ce mata ba dubiya za ni ba. Za ni ne in ji da kunnena ya ce ya yi mini laifi.

Mutumin shi ne Ilu. Tare muka yi aiki a filin jirgin saman Tamanrasset, ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Ni ina sharar cikin jirage, shi yana tuƙa motar tsani, wadda ake jinginawa a ƙofar jirgi fasinja su sauko. Ranar da aka tayar da bam cikin gari, Ilu ya janye tsanin ya bar ni cikin jirgi ni kaɗai. Daga ranar ba mu sake magana ba, sai makon jiya da ya aiko saƙon murya ta waya: "Hamisu, jikin ya ƙi. Ka zo in roƙe ka gafara tun ina da baki."

Kar, wato babbar motar fasinja, ta tashi biyar da kwata. Mun karya kumallo a Tanut da shayi da burodi, muka shiga Agadas bayan la'asar, kilomita wajen ɗari huɗu da hamsin. Na sauka gidan wani ƙanin Zuwaira, aka ba ni shinkafa da miyar yakuwa da tabarma.

Talata da Laraba: Arlit, Asamaka, In Gezzam

Hanyar Arlit ta ci mana wuni guda, ramukanta sun fi kwaltarta yawa. Washegari shida daidai muka hau kat-kat, motar ratsa rairayi mai buɗaɗɗen baya, mu goma sha shida a baya, kowa ya naɗe fuska. Direban ya dubi furfurata ya ce, "Baba, me za ka yi a Tam? Aikin gini ya fi ƙarfinka."

"Haƙuri zan je karɓa."

"To, ka riƙe sandar nan da kyau. In ka faɗo shi ma haƙurin za mu ba ka."

A Asamaka an buga mana hatimi wajen ƙarfe ɗaya. A In Gezzam wani ɗan dowan, wato ma'aikacin kwastan, ya buɗe jakata, ya shinshina kilishin, ya tambaya da Larabci ko fata ce ta takalmi. Na yago masa ya ɗanɗana. Ya yi hawaye saboda yaji, ya ce in wuce.

Alhamis: Tamanrasset

Kilomita wajen ɗari huɗu ne daga In Gezzam, mun iso sha ɗaya da rabi na rana. Na nufi unguwar Sersuf, gidan Agali, Buzun da ke jan kekunan kaya a filin jirgi zamaninmu. Yanzu kayan wuta yake sayarwa. Tun daga nesa ya ƙwala mini kira:

"Kaftin! Kaftin Hamisu!"

Wannan sunan shi ne rabin fushina da Ilu. Ya biyo ni har Damagaram, jikokina ma da shi suke kirana.

Kafin shayi na farko ya nuna Agali ya aika an kira Si Lahadar, Balaraben da ke zama gaban na'urar duba cikin kaya. Ya tsufa, amma Hausarsa ta kasuwa tana nan. Duk inda ma'aikatan filin nan suka haɗu, zance ɗaya ne: ina kake ranar?

Agali ya ce shi yana tsaye yana kwantar wa fasinja da hankali.

"Ƙarya!" in ji Si Lahadar. "Wallahi ina zaune gaban allona, aka ce bam, kowa ya watse. Sai na ga ƙasusuwan mutum sun shigo allon, a duƙe, da butar shayi a ƙirji. Na ce shi ke nan, na mutu, an fara nuna mini lahira. Ashe Agali ne ya faɗa cikin na'urar."

"Wuri ne mai ƙarfe ta ko'ina," Agali ya ce. "Dabara ce."

"Na ga cokali biyu na kantin fili a aljihunka."

Suka tuna da Madam Zahara mai sanarwa, wadda ta manta ba ta kashe lasifika ba ta kira uwarta a waya. Duk filin, har sojoji, suka ji tana cewa a sauke tukunya, a kulle ƙofa, a je lekkol, wato makaranta, a ɗauko yara. Aka ce mata ƙaramar ba ta je lekkol ba, tana ɗaki tana barci. Sai ta fashe da kuka, kukan ya fito ta kowace lasifika har wurin ajiye motoci. Si Lahadar ya ce ba wanda ya je ya gaya mata ana ji.

Daga nan suka juyo kaina, dole na sake ba da nawa. Ina tsakiyar jirgi ina tsince ɓawon gyaɗa na ji wani dum daga nesa, kamar an buga ƙyauren gidan maƙwabta. Na zo ƙofa, ba tsani, sai iska, ƙasa na can kamar daga kan soro. Na yi kira har muryata ta dushe. Da yunwa ta matsa na cinye cukun fasinja wajen ashirin. Bayan azahar na shiga wurin matuƙi, don tagarsa ce kaɗai ke buɗewa, na ɗaura farin ƙyalle a sandar tsintsiya na zura waje. Sojoji suka hango dogon abu ya leƙo daga tagar matuƙi. Nan take suka zube ƙasa, suka kewaye jirgin. Babbansu ya ɗauki lasifika, da Larabci da Faransanci, wai in saki fasinjojin.

Tsoro ya kore mini kowane harshe sai Hausa. Na ce, "Ba kowa! Ni da tsintsiya ne!"

Aka shiga neman tafinta. Bayan awa guda aka kawo shi tsakanin sojoji biyu, sai ga Ilu. Babban sojan ya ce a tambaye ni buƙatuna. Ilu bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Tsani yake so." Daga ranar aka laƙa mini Kaftin.

Agali ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ni ban yi ba. Na ce abin da ya ƙona mini rai shi ne, da na sauko Ilu bai ce mini sannu ba, bai dube ni ba, bayan mako guda ya bar aikin.

"Ranar ai ba mai duban wani," Si Lahadar ya ce. "A lokacin ne aka kawo labarin Mamman."

Mamman ɗan unguwarmu ne a Damagaram, tare muke shara. Ya je gari sayo mana burodin safe, abin ya same shi a ƙofar gidan burodin. Muka yi masa addu'a, Agali ya zuba shayi na uku.

Juma'a: Idles, Tazruk

Ilu ya yi aure a Tazruk, can cikin duwatsu, yana lambu da kiwon awaki. Agali ya sa ni a motar wani mai kai gas, muka tashi biyar da rabi. Bayan mun bar kwalta hanyar ta zama tsakuwa zalla, tulunan gas na ta ƙara a bayanmu. Na tambayi direban ko ba sa fashewa. Ya ce bai taɓa jin wanda ya dawo ya yi ƙorafi ba. Mun yi sallar Juma'a a Idles, muka iso Tazruk ƙarfe huɗu.

Na tarar da Ilu kwance ƙarƙashin itacen ɓaure cikin lambunsa, an rufa masa bargo biyu. Ya rame har na fara gane shi ta kunnuwa. Matarsa ta kawo tagella, burodin da suke gasawa cikin rairayi, da nonon akuya, ta koma gefe.

Na gyara zama na ce, "To, ga ni. Shekara goma sha uku ana kirana Kaftin saboda tsoronka."

"Wane tsoro?"

"Ka ji bam ka gudu da tsani."

"Hamisu, tun kafin bam na janye shi. Da wajen minti arba'in."

Na ce, "Don me?"

"Wasa ne," ya ce. "Ranar kai ke da zuwa sayen burodi. Na ce bari in bar ka a sama mu ga yadda za ka yi. Agali na dariya, kowa na dariya. Da muka ga motar ɗan kwangila za ta tafi gari ba ka lura ba ma, kana can kana shara, sai na ce wa Mamman, je ka kawai, kada shayi ya huce."

"Ba ranata ba ce. Ni Talata nake zuwa."

"Asabar kake zuwa, ranar kuwa Asabar ce."

"Talata! Agali ne Asabar."

"Agali bai taɓa sayen burodi ba a rayuwarsa!"

Muka yi ta musu, ni da mutumin da ko zama ba ya iya yi, har tari ya kama shi matarsa ta taso da ruwa. Ina riƙe da kansa yana sha na tuna. Asabar ce. Na canza da wani tun watan azumi, don Talata nake wanki. Na kwantar da kansa a hankali.

"Ka gane yanzu?" ya ce. "In na dube ka sai in ga wanda na tsayar, in tuna wanda na aika. Ban san ko in ce maka yi haƙuri ko in ce ka gode mini ba. Shi ya sa ban ce komai ba."

Na ce na yafe tsanin. Ya ce tsanin ba komai ba ne, aike yake da shi. Ya nuna wata jar akuya mai ciki da ke cin ganyen tumatirinsa.

"Ka kai wa Inna Gambo, uwar Mamman. Ka gaya mata ni na aike shi. Kada ka gyara maganar."

"Ilu, ƙasa biyu ce tsakani."

"Ai kai Kaftin ne."

Na kwana biyu wurinsa. Ranar da zan tafi ya sa aka tayar da shi zaune, muka yi musafaha, ya daɗe bai saki hannuna ba.

Lahadi zuwa Alhamis: komowa

Akuyar ta zauna kan cinyata daga Tazruk har Tamanrasset. A can na yi wuni guda ina neman takardar likitan dabbobi. Mai rubutawa ya tambayi sunanta, na ce ba ta da shi, ya ce gurbin ba ya zama fanko. Ya rubuta Hajiya.

A In Gezzam ɗan dowan nan mai kilishi ne a bakin aiki. Ya karanta takardar, ya dubi cikin akuyar, ya ce takarda ta ce dabba ɗaya, shi kuwa yana ganin aƙalla biyu. Na ce na cikin ba su iso ba tukuna. Ya kira shef, wato shugabansa, suka yi shawara da Larabci, shef ya ce in yi sauri in ƙetare kafin su iso. Kafin in karɓi takardar Hajiya ta miƙa wuya ta cinye rabinta, wajen hatimin. Suka dubi juna. Shef ya ce, "Hatimin yana cikinta, ita ma tana cikin ƙa'ida. Ku tafi."

Tsakanin Asamaka da Arlit ta ci gefen rawanin wani Buzu. A Agadas kar ta ƙi ɗaukarmu, muka hau motar albasa. Mun shiga Damagaram ranar Alhamis, goma saura kwata na safe.

Damagaram

Ban biya gida ba, na wuce gidan Inna Gambo da igiya a hannu. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, idanunta sun yi rauni amma ta gane muryata. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni, ban gyara ba. Na ƙara da nawa: ranar tawa ce, ni ya kamata in je.

Ta ajiye faifan. "Ɗaure ta can, wurin sauran."

Na waiwaya. Awaki bakwai ne a turke.

"Baƙar nan da ƴaƴanta, wani Buzu ne ya kawo, Agali, shekara biyar ke nan. Ya yi ta kuka a nan inda kake, wai shi ya ce wa Mamman ya yi sauri motar za ta tafi. Farar kuma wani Balarabe ya aiko a saya mini, wai shi ya ce a ƙaro masa burodi biyu, da ba don shi ba da yaron ya fito da wuri. Har wata mata ta aiko da turmin atamfa, ban san me ita kuma ta yi ba."

Na je na ɗaure akuyar, na dawo na durƙusa.

"Hamisu, ni na haifi Mamman. Tun yana yaro ba ya aikuwa. Ubansa ma bai isa ya aike shi ɗebo ruwa ba. In ka ga ya tafi, burodin yake so, mai zafi, ya cinye ɗaya a hanya kafin ya kawo muku. Kwanansa ne ya ƙare. Ka kira abokinka ka gaya masa haka tun yana ji."

Na kira a take. Matar Ilu ta kara masa wayar a kunne, Inna Gambo ta karɓa ta maimaita masa da bakinta, da ƙarfi, yadda tsofaffi ke magana a waya.  Ilu ya ce, "Inna, na ji." Ta ce, "To, Allah ya ba ka lafiya, ɗana. Akuyar kuma na riƙe."

Na isa gida sha biyu da rabi, rigata duk gashin akuya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya komo da ni. Ina gode wa Agali da Si Lahadar, da matar Ilu da ta ciyar da ni kwana biyu, da direban motar albasa da bai ce uffan ba ko da aka ci masa rabin buhu. Ilu ya rasu bayan kwana tara. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Mamman, ya sa mu cika da imani.