Takardar Tuhumar Luba

Ban taɓa mantawa da wata Talata ba, ranar awon jarirai, lokacin ina shugabar wani ƙaramin asibiti a ƙasar Wurno. Cikin ma'aikatana akwai Luba, wadda hutun haihuwarta ya ƙare ɗanta yana wata uku. Daga can ƙauyen Dinawa take zuwa, sai na ce ta riƙa tahowa da shi.

Ran nan ofis ya aiko muna da wata Hajiya, jami'ar da ke duba yadda muke koya wa mata shayarwa. Ta tara su a rumfa, ta yi ta faɗa: nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ɗiga wa yaro. Duk wadda ta ce aikin gonar albasa ke raba ta da ɗanta, sai ta kira ta raguwa.

Da ta gama, ta shiga zagaye. Ta iske Luba a ɗakin ajiyar magani, zaune kan kwali, yaro na tsotso.

"Nan asibiti ne ko gidan suna?" in ji ta. "Ki bar shi gida a dama mashi madara." Ta juyo kaina. "Ke kuma ki ba ta takardar tuhuma."

Ga wanda bai sani ba, takardar nan in ta shiga fayil tana iya tsaida ƙarin girman ma'aikaci. Luba ta cire yaron daga nono, ya fara kuka.

Wata tsohuwa da ta rako surukarta awo, Inna Kulu, ta leƙo.

"Hajiya, mi kic ce muna ɗazu?"

"Wannan maganar ofis ce, Inna."

"To mu ma gona ita ta ofishinmu."

Na zauna na rubuta: "Ki bayyana dalilin da ya sa kika ba ɗanki nono zalla, kamar yadda jami'a ta umarta yau." Na miƙa wa Hajiya don ta sa hannu. Ta karanta sau biyu, ta cusa a jaka, ta nufi mota ko tuwon da anka kawo mata ba ta taɓa ba. A rahotonta ta rubuta cewa ba ni da ladabi.

Yaron Luba ya cika wata shida bai sha ruwa ba. Ni kuwa na gane cewa a aikin nan, mai yawan koyar da jama'a sau da yawa shi ne bai ji karatun ba. Ku yara masu shigowa aikin nan, in kun tsaya gaban mata, ku sani idonsu ya fi kunnensu aiki.