Mai Karanta Tafin Takalmi

Shekara ashirin da biyu ina tuƙa bas ɗin 'yan ƙwallon Kwalejin Tallow Creek, a nan jihar Alabama, irin ƙwallon nan da ake rungumewa a ruga, ana sanye da hular kwano. Na ɗauki koci biyar, na raka huɗu tasha bayan an kore su. Mama Verlene Pettibone kuwa ta riga ni zuwa da shekara tara. Ita ce mai ɗakin kaya: hular kwano, riguna, takalma, duk a hannunta suke. Gajeriya ce, tabarau a rataye a wuya, makullai goma sha ɗaya a ƙugu. Tun kafin ka gan ta za ka ji ƙararsu.

Da wanki ta fara, bayan an rufe masaƙar garinmu. Dokokin wasan ba su taɓa zama a kanta ba. Har yau idan alƙalin wasa ya jefa tuta, sai ta zungure ni ta ce, "Wa ya yi laifi?" Amma tana da wata al'ada. Kullum bayan atisaye sai ta jera takalman yaran nan tamanin da biyar a kan katako, ta kife su tafi yana kallon sama, ta sa tabarau ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na sha yi mata tsiya.

"Verlene, wa'azin Lahadi kike nema a gindin takalmi?"

"Odell, je ka duba man motarka. Kai da ko sa takalmi sai matarka ta nuna maka na hagu."

A tsallaken kogi akwai Kwalejin Harlan Bluff, abokan gabarmu tun zamanin kakanni. Tare muka faɗi da su. A wata kakar wasa mun ci wasa ɗaya cikin goma sha ɗaya, su sun ci biyu, suka ishe mu da gori a kan wannan biyun. Kwalejojin biyu duk suka kori koci. Kowa a wannan harka ya san sabon koci da mutanensa yake zuwa. A Harlan Bluff, cikin mako guda aka sallami kowa, har Lucius Thigpen mai ɗakin kayansu, wanda ya yi shekara ashirin da shida yana ɗaure wa yaransu hula. Aka yi sabon fenti, aka canza launin riga, aka kira 'yan jarida.

Namu sabon, Koci Rayford Sills, dogo ne mai ƙarancin dariya. Ya tara mu ma'aikata a watan Janairu ya ce sai an gama atisayen bazara zai san wanda zai zauna. Ya dubi takardarsa ya ƙara da cewa, "Ɗakin kaya kuwa ina da mutumina. Zai zo a watan Mayu."

Wato gurbin Verlene ke nan. Shekarunta hamsin da takwas a lokacin, mijinta ya rasu, kuma wannan ɗaki mai warin gumi ya fi gidanta zama gida a wurinta. Ranar Lahadin nan bayan sujada a coci an yi suyar tarwaɗa, na ga ta juya nata a faranti har ya huce. Tausayinta ya kama ni sosai.

A watan Maris aka fara atisaye. Yaran ƙwallo suna da wani kuskure da suke yi a gaban sabon koci: kowa ya ɓoye ciwonsa, don kada a ajiye shi, tallafin karatunsa ya bi iska. A mako na biyu Verlene ta kira ni ta nuna mini takalmin Cedarius Boykin, wanda ya fi kowa gudu da ƙwallo. Ƙusoshin tafin na hagu sun cinye ta gefen waje, na dama lafiya lau.

"Gwiwarsa ce," in ji ta. "Kare ta yake yi. Na tambaye shi, ya ce, 'Mama, don Allah ki rufa mini asiri.'"

Na ce, "To ki rufa. Ba a tambaye ki ba. Mutumin nan da ma dalili yake nema, ke kuma za ki kai masa har ofis? Ki lallaɓa, wataƙila ya bar miki wankin."

Shawarar matsoraci ce, na sani, amma ita na bayar. Ta harare ni ta saman tabarau, ta ɗauki takalmin ta nufi ofis da tsakar rana. Na bi ta da kofin kofi a hannu, kamar aike na aka yi.

Ta ɗora takalmin a kan teburinsa, ta faɗa masa abin da ta gani. Koci Sills ya jingina da kujera.

"Ke likita ce?"

"A'a, Koci, mai wanki ce. Amma shekara uku ina ganin tafin yaron nan, ba haka yake taka ƙasa ba. In ka sa shi gudu mako ɗaya nan gaba, gwiwar za ta tsinke."

"Me ya hana shi faɗa mini?"

"Tsoronka yake ji. In kuma ka hukunta shi don ya ɓoye, sauran za su ƙara ɓoyewa."

Koci ya ɗauki takalmin ya duba tafinsa. Can ya ce, "Sauran?"

Ta fita, ta dawo da kwandon wanki, ta zazzage masa takalman yara shida a kan takardunsa.

Likita ya duba su bakwai, ya sami biyar da ciwo na gaske. Koci ya ajiye su har suka warke, bai taɓa tallafin ko ɗaya ba, kuma ya faɗi haka a gaban kowa. Daga nan yara suka fara buɗe baki. A wannan kakar mun ci biyar, ta gaba takwas. Harlan Bluff kuwa, kafin Oktoba manyan yaransu huɗu suna dogara sanda, don a cikin sabbin ma'aikatan babu wanda ya san su balle ya lura. Bayan shekara biyu suka sake korar koci, suka sake fenti. 'Yan jarida suna ta rubuta dabarun Koci Sills. Ina karantawa a cikin bas ina dariya ni kaɗai.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar ɗaya ga Mayu ba wanda ya san komai, kuma ba wanda ya ce wa Verlene ta zauna. Ta zo da sassafe, ta share ɗakin tas, ta cire makullan daga ƙugu ta sa a jakar takarda. Ban taɓa ganin ta tana tafiya babu ƙara ba, abin ya sosa mini rai. Ta ce bari ta yi wa katakon kallon ƙarshe.

A can ƙarshen layi akwai wasu tsofaffin takalma, manya, waɗanda ba na ɗan wasa ba. An riga an kife su. Muka waiwaya, ga Koci Sills tsaye a bakin ƙofa da safa kawai.

"Mutumin nawa ya sami tayin aiki a wani wuri," in ji shi. "Na ce masa ya karɓa."

Verlene ta sa tabarau. Ta ɗauki na dama ta daɗe tana juya shi.

"Koci, ƙugunka na dama. Tun yaushe?"

"Shekara uku ke nan, Mama Verlene."

"Kuma ba ka faɗa wa kowa ba? To gobe sai wurin likita. Odell zai kai ka."

Ta buɗe jakar, ta mayar da makullanta ƙugu, ta ce mu fita mu ba ta wuri, tana da wanki.