Ƙugiyar da ke sunan Ɗanjuma

Shekara tara ke nan da muka binne Ɗanjuma a garin Greensboro, nan ƙasar Turawa. Allah ya jiƙansa. Ni ban yi makaranta ba, wannan ma da baki nake faɗa ana rubutawa. Amma na daɗe ina rubutu a kan kwalta, kuma shi ya koya mini.

Aikinmu zanen filin ajiye motoci ne, galibi a bakin titin Gate City Boulevard. Layuka, kibiyoyi, lambobi, hoton keken guragu. Ranar da na fara, ya miƙo mini wata faffaɗar roba mai huje-huje, ya ce sunanta sitensil. Na ce me ake ce mata da Hausa?

Ya ce, "Babu. Rubutu ne aka yanke aka zubar, aka bar maka gurbinsa. Ka shimfiɗa, ka fesa fenti, ka ɗaga. Kai ma ka zama malam."

Na ce, "In na kifa ta fa?"

Ya ce, "Kai kanka a kife kake, Sule."

Daga ranar duk wadda zai ba ni sai ya gutsure mata kusurwar sama ta dama, don in san gabanta.

A kanti ana sayar da kowane harafi, ban da na farkon sunansa, mai ƙugiya a ka. Takardunsa duka ba ƙugiya, Turawa kuma Dan suke ce masa. Sai ya sa wuƙa ya yanka tasa, ya fesa a akwatin kayan aikinsa. Ya ce ko a wuri ɗaya dai a rubuta shi daidai.

Da ya rasu, ɗansa ya ce zai sa a sassaƙa dutse mai sunan uban, a kafa a kan kabarin. Kafin nan na kafa bulo a kan kabarin, na shimfiɗa robar, na fesa. Dutsen bai zo ba har yau. Ɗan ya koma wata jiha. In na kira shi da Hausa, da Turanci yake amsa mini, wai saura kaɗan. Ban ga laifinsa ba. Shi ma ba ya sa wa sunan ubansa ƙugiya, haka aka koya masa.

Fenti ba ya jure ruwa da sanyin garin nan. Duk shekara nakan je in sabunta.

Wani lokaci ina tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Filayen da muka zana an sake malala musu kwalta, ko kibiya ɗaya tamu ba ta saura ba. Ina jin ba zai yi mamaki ba. Ya san fenti.

Bana robar ta tsufa. Siririyar gadar da ke riƙe da cikin harafin farko ta karye. Na danne da yatsa, fentin ya malale, ƙugiyar ta fito a dunƙule. Wani Alhaji a masallaci ya ce in kai shago, kwamfuta za ta yanka mini sabuwa. Na san za ta iya. Amma sabuwar wa zan bar wa? Na tambaya bayan sallar Juma'a ko akwai mai karɓar aikin bayana, kowa ya ce Allah ya ba ni lada.

Abin da ya rage na Ɗanjuma shi ne abin da ya gaya mini ranar farko: gurbi. Shekarar da ban je ba, ruwan sama zai wanke sunan, mai wucewa kuma bulo kawai zai gani.