Baba Garba da Kifin Masbah

Ina jera kwandunan tumatir a kasuwar Utaiƙa, nan ƙasar Larabawa, aka kira ni a waya: Baba Garba ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan kwali ina hawaye, sai kuma dariya ta nemi kufce mini, domin wanda ya san shi ba zai tuna shi da kuka zalla ba.

Mutumin Argungu ne, jikan masunta, amma Allah ya ajiye abincinsa a gidan wani Balarabe a unguwar Badi'a, yana kula da masbah, wato tafkin iyo na bayan gida. Idan sanyi ya gabato, sai ya rage ruwan, ya zuƙe na cikin bututu kada ya daskare ya fasa su, ya kashe inji, ya rufe da tamfol. Yana yi yana tsaki. "Ɗan kasuwa," yakan ce mini, "ruwa har wuya, ba kifi ko ɗaya? Wannan ai marayan ruwa ne."

Wata shekara kafil ɗinsa, maigidan, ya yi doguwar tafiya. Baba ya daina zuba magani a ruwan, ya sa na samo masa karfasa masu rai. Ya kiwata su kamar jikoki. Abin da bai hango ba, a garinsu ruwa bai taɓa yin sanyin kashe kifi ba. Wata safiya da raɓa ta daskare a gilashin mota, ya ɗaga tamfol ya tarar sun juya ciki sama, suna numfashi da ƙyar. Ranar kuma maigida zai dawo, ga iƙamar Baba, wato takardar izinin zamansa, a hannun maigidan.

Na ce mu kwashe mu zubar tun da wuri.

"Zubarwa? Ka ɗauka ruɓaɓɓen tumatir ɗinka ne? Kawo gawayi da yaji!"

Maigida ya shigo ya tarar da hayaƙi, direbobin unguwa sun yi da'ira suna suɗe yatsu. "Mene ne wannan, ya Abubakar?"

Baba bai ɓoye komai ba. Da ya gama, ya miƙa masa mai zafi. "Ci tukuna, ranka ya daɗe. In kora ce, ka kore ni a ƙoshe."

Ya ci. Ya sake miƙa hannu. Hukuncin da ya yanke shi ne duk shekara a zuba kifi, a kwashe kafin sanyi, kuma kada a ci babu shi.

A maƙabarta maigidan ya riƙe hannuna, idonsa jawur, ya ce kifin bana na nan, sanyi ya kusa. Ranar Juma'a za mu gasa, sadaka ga Baba.

Allah ya jiƙansa da rahama, ya shayar da shi daga Alkausara. Allah ya ba matarsa Inna Hajo da yara haƙuri, ya raya abin da ya bari. Amin.