Zuwa Jidda Neman Fitila Mai Wuyan Zalɓe

Jarwal zuwa Kudai

Kafin kiran assalatu na fito daga gidanmu a unguwar Jarwal ta Makka. Baba Idi, wanda ya koya mini kafinta, yana zaune a bakin ƙofarsa yana jan carbi. Idonsa na dama ya riga ya tafi, na hagu ma likita ya ce saura kaɗan.

"Sule, mai wuyan zalɓe fa, kada ka kawo mini wata," in ji shi.

Tun yana saurayi a Yamai ya taɓa gyara wata fitila a gidan wani Bafaranshe: siririyar ƙafar ƙarfe, dogon wuya mai lanƙwasa. Shekara da shekaru yana ba da labarinta, jikokinsa suna dariya, wai mafarki ya yi. Burinsa ya sake ganinta kafin duhu ya rufe.

Na yi sallah a tashar Kudai, na sayi gurasar tamis da waken ful, na shiga ƙaramar motar haya.

Hanya

Direban ɗan unguwar Zahir ne, kakansa Basakkwace, Hausarsa rabi Larabci. Ya tambayi abin da zai kai ni Jidda, na ce littafi.

"Ya ammi, duk littattafan Makka ba su ishe ka ba?"

Na ce wannan na wani Bafaranshe ne mai tsara kujeru da fitilu, kaɗan aka buga, masu tara kayan tarihi ke ajiye shi. Mai shi ba Musulmi ba ne, ba zai shigo Makka ba, sai dai ni in je.

Jidda

Da hantsi na isa shagon da littafin yake. Mai shi dattijo ne ɗan Labanan, na taɓa gyara masa kabad. Ya fito da littafin daga kwalinsa, ya fi tubali nauyi, ya ce aro ne, gobe in dawo da shi.

Shekarata biyu ina karatun manya, amma hannuna har yau dama yake nufa, sabon allo. Na buɗe ta dama, sai ga sunaye jere, babu hoto ko ɗaya. Can na tuna malaminmu ya ce a ƙarshen littafi ake jera kalmomi bi da bi. Na sa yatsa, na gangara a hankali har Z. Na bi sau uku. Babu zalɓe.

"Me kake nema?" in ji dattijon da Larabci.

Ban san sunan tsuntsun da Larabci ba. Sai na tsaya da ƙafa ɗaya, na ɗaga hannu, na lanƙwasa shi. Ya yi dariya har da tari, ya juya littafin, ya buɗe tsakiya. Ga ta nan tsaye.

Komawa

Na naɗe littafin cikin haramina na bara, na rungume. A shingen Shumaisi jami'i ya duba iƙamata, takardar izinin zama, ya leƙa ƙunshin, ya ga hotunan kujeru, ya ce mu wuce.

Bayan la'asar na shiga gida. Muka fito da Baba tsakar gida inda haske yake, jikoki suka kewaye. Ya kai shafin har bakin hancinsa, ya daɗe.

"Ita ce," ya ce. Ya taɓa gaɓar wuyanta. "Nan na ƙone." Ya nuna musu tabon babban yatsansa. Babu wanda ya yi dariya.

"Sule, kai da ka yi boko, karanta mini sunanta."

Na duba. Faransanci ne, haruffan na sani, amma sun ƙi haɗuwa a bakina. Na sa yatsa ƙarƙashinsu, na ja a hankali kamar a aji.

"Zal-ɓe."

"To, kun ji," in ji Baba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da sauran rana, na gode wa mai littafi da ya yarda da ni.