Kofin Ruwa a Kan Inji

Shekarun baya na sayar da mota da fili na sayo injin niƙa abincin dabbobi, na hannu wanda aka taɓa aiki da shi, na kafa shi a bayan gari. Watanni uku kafin babbar Sallah ne kasuwarmu. Masu kiwon raguna daga Dutsi har Babban Mutum duk sun yi mini alkawarin ciniki.

Injin ya zo da wasu ƙarafa biyu kamar yatsu, an ɗaure su dab da sandar da ke juyawa a ciki, amma ba su taɓa ta. Aikinsu auna girgizar sandar da gocewarta, su kai labari ga wani akwati a bango. In abin ya yi yawa, akwatin ya kashe injin.

Wanda ke kula da injin ƙanen surukina ne, muna ce masa Baba, tsohon makaniken injinan markaɗe. Uwargida ta roƙa masa aikin, ni kuma na kasa cewa a'a.

Ana tsakiyar aiki injin ya fara kashe kansa. Na ce a tsaya, zan je Kano in zo da mai gyara. Da na dawo da mai gyaran sai na tarar injin yana ta ruri, buhuna na fita. Na dubi akwatin, ba ya nuna komai. Baba ya kwance yatsun nan biyu ya rataye su a ƙusa.

Na ce, "Baba, wa ya cire waɗannan?"

"Ni ne, Alhaji. Su ne ciwon. Zo ka gani." Ya ɗora kofin ruwa a kan murfin injin. "Ya zube? Tun ba a haife ka ba da kofi nake gwada inji. Akwatin nan naka tsoro ne da shi kamar mai shi."

Mai gyaran ya ce murfi daban, sanda daban, tana iya cin boris ɗin da take juyawa a kai a ciki, ruwan kofi na kwance. Baba ya ce masa, "Kai wa ya sa da kai?"

Na ce a kashe. Ya ce bari a ƙarasa buhunan da aka zuba. Da wani ne da na ture shi na kashe da hannuna. Amma suruki ne, ga leburori na kallo. Muna cikin haka sandar ta karye, ƙarar har bakin titi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da yamma ni aka tura in je in ba shi haƙuri, wai na ɗaga masa murya gaban yara. Na je, na cire takalmi, na durƙusa.

Sabuwar sanda ba ta iso ba sai bayan an yanka raguna. Masu kiwon sun koma wajen wani, yawancinsu har yau can suke.

Yanzu dangin matata zan biya musu asibiti, zan yi musu Sallah, amma ba mai taɓa mini inji. In na yi lissafi, na rasa sanda, na rasa kasuwar shekara, na rasa mutanen Dutsi. Abin da na tsira da shi aurena ne, da Baba, wanda har gobe yake faɗa a majalisa cewa injin Alhaji dama ruɓaɓɓe ne.